Yadda Ake Dawo da Sheƙin Katakon Ƙasa Idan Ya Dusashe

Shekara biyu da tarewar yayata a sabon gidansu da ke Gwadangaji, falon da kowa ya yaba ranar walima ya koma kamar an barbaɗa masa toka. Katakon ƙasa aka shimfiɗa mata, irin wanda 'yan kasuwa ke kira laminet, mai launin ruwan zuma. Daga bakin ƙofa zuwa gaban talabijin wata hanya ta fito fari-fari kamar turbar awaki, kuma duk inda aka taka sai sawu ya kwanta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ƙazama ba ce. Garin Allah ba ya wayewa ba a goge falon nan ba.

Na tarar da ita da bokiti a gaba, na ce, "Yaya, mi kika zubawa cikin ruwan ga?"

Ta ce, "Omo na, da ɗan kananzir don kiyashi da sheƙi. Abin da munka saba."

To, sabon ne ya ci falon. Hannunmu ya koyi aiki ne a kan wata irin ƙasa daban. Kakanninmu na kwarin Gulbin Rima daɓe suka sani: a zuba tsakuwa ko marmara, mata su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi duhu ta yi sumul. Daɓe yana son a shayar da shi, kuma gwargwadon makubar da ya sha gwargwadon kyansa. Da siminti ya zo, tayil ya biyo baya, musamman bayan 1991 da Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha, sababbin gidaje suka yi ta tashi a Gesse da Badariya da Gwadangaji, sai muka koyi sheƙa ruwa da omo mu kore da tsintsiya. Siminti da tayil sun jure. Laminet kuwa ba ya shan komai da aka shafa masa, kuma ruwa ne ajalinsa.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi. Hawa huɗu ne aka manne wuri ɗaya, kaurinsu duka bai wuce milimita 6 zuwa 12 ba. Na tsakiya, wanda ya fi kauri, garin katako ne da aka cuɗa da gam aka danne da inji. A kansa akwai takarda mai ɗauke da hoton katako, don zanen nan da ke burge ido hoto ne kawai. A saman hoton akwai wata fata garai-garai, wadda ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, an yi ta da irin robar nan mai tauri ta farantan da ba su saurin fashewa, an gauraya ta da garin sinadarin da ake yin samfefa da shi. Na huɗu yana can ƙasa yana hana allon lanƙwasa. Sheƙin duka a wannan siririyar fata ta sama yake. Wani kamfani mai suna Perstorp a ƙasar Suwidin ne ya fara yin sa a 1977, aka sayar da shi da sunan Pergo, ya bazu a Turai daga 1984, ya shiga Amurka a 1994. Ba su yi shi da tunanin gidan da ƙurar hunturu ke kwana a cikinsa wata uku, ko tsakar gida mai rairayi da yara ke kwasowa a tafin ƙafa ba. Wannan aikin mu ne za mu koya wa kanmu.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar laminet ɗin ne. A ɗauko guntun da ya rage bayan aiki, ko a ɗaga ƙarfen bakin ƙofa a dubi gefen allon. Idan cikinsa ruwan ƙasa ne kamar dusar da aka danne, shi ne. Idan fari ne ko toka-toka mai kama da roba mai tauri, wannan ɗan'uwansa ne na roba, ruwa bai dame shi sosai ba. Ledar ɗaki kuwa kowa ya san ta. Guntun yana da wani amfani kuma: shi ne ma'aunin sheƙin asali. Laminet da yawa ba mai walƙiya ba ne tun daga kwali, an yi shi ne da ɗan dishi-dishi don ya yi kama da katako na gaske. Wanda ya dage sai ya mai da irin wannan kamar madubi zai gaji a banza.

Sai a gano irin ciwon, domin dusashewa iri uku ce kuma kowace da maganinta. Da dare a kashe fitila, a kwantar da tocila a ƙasa yadda haskenta zai bi saman katakon a kwance. Idan aka ga shatin mofa, layi-layi kamar gajimare, da sawun ƙafa, to datti ne ya yi yana a sama: ragowar sabulu, maiƙon kananzir, farin gishirin ruwan rijiyar burtsatse. Idan aka ga ƙananan zane birjik kamar gashi, yashi ne ya kankare fatar. Idan kuwa bakin alluna ya tasa, yana kama yatsa in an shafa, ruwa ya shiga cikin. A ganina mafi yawan falon da ake cewa ya mutu na farkon ne ke damunsa, kuma shi ne mafi arhar gyara. Sheƙin yana nan, an binne shi ne. Don a ƙara tabbata, a ja doguwar kujera a dubi ƙarƙashinta inda mofa ba ta kaiwa. Sau da yawa wurin da ba a gogewa ya fi wurin da ake gogewa kullum kyau.

Aikin farko a bushe ake yin sa. A kwashe abin da za a iya kwashewa, a ɗaga kujeru kada a ja su. A share da tsintsiyar laushi. Tsintsiyar kwakwa ta tsakar gida ce, tsinkenta na tura yashi yana gurzar fatar. Bayan shara a bi da busasshen tawul mai laushi, irin wanda masu wankin mota ke goge gilashi da shi, don ya ɗebe ƙurar da tsintsiya ta bari. Kada a raina wannan mataki. Duk ƙwayar yashin da ta rage ta shiga jiƙaƙƙen tsumma ta zama samfefa.

Daga nan sai wanke maiƙo. A sami ruwa lita 4 mai ɗumi kaɗan, wato ruwan leda takwas. Idan ruwan gidan na barin fari a cikin butar shayi, a yi amfani da na leda ko ruwan sama da aka tace, domin abin da ya bari a buta shi zai bari a ƙasa. A zuba sabulun wanke-wanke na ruwa ƙaramin cokali ɗaya tak. Na san hannu zai so ya ƙara, kumfa na sa mutum ya ji yana aiki, amma ƙarin nan shi ne yanar da ake ƙoƙarin cirewa. A tsoma tsumma a matse shi har ya daina ɗiga ko da an murɗa. A ɗauki fili kamar faɗin tabarma ɗaya, a goga ana bin tsawon allo, sannan nan take a bi da busasshen tawul. Ƙa'idar ita ce idan laima ta wuce minti biyu a ƙasa ba ta bushe ba, ruwan ya yi yawa. A kunna fanka, a buɗe tagogi. Ruwan bokiti ya yi duhu a zubar a sake haɗa wani.

Bayan maiƙo ya tafi sai a koma kan ragowar omo da gishirin ruwa, kuma farin ruwan khal ne maganinsu. Gwangwanin madara ɗaya a ruwa lita 4 ya isa. Ya fi kyau a zuba a robar feshi a riƙa fesa wa tsumman, ba ƙasar ba, don kada ruwa ya gangara tsakanin alluna. A sake bi tabarma-tabarma, a goga a busar. Falon da ya shekara biyu yana shan omo ba zai saki a zagaye ɗaya ba. Wani sai an yi uku, kuma alamar an gama ita ce tsumma ya daina kamawa, ya riƙa zamewa, busasshen yatsa kuma ya yi ƙara in an murza. Khal na cire yana ne, ba abin goge-gogen kullum ba ne. Tsaminsa in ya yawaita shi ma yana dusasar da fatar, don haka in an gama wannan aiki a ajiye shi sai bayan watanni.

Wani gidan an riga an shafa man sheƙin ƙasa na kanti, ya bushe ya yi ɓawo, yana ɓarewa a wasu wurare kamar fatar maciji. Khal ba ya cin wannan. Ruwan goge gilashi mai sinadarin amoniya, wanda warinsa ke hawa kai, shi ke tausasa shi: a fesa a ɗan wuri, a jira minti ɗaya, a kankare a hankali da tsohon katin cirar kuɗi, a goge, a busar. Aiki ne na haƙuri da durƙuso. A nan akwai gargaɗin da ba na so a tsallake. Kada a kuskura a haɗa ruwan bilic na wankin fararen kaya da khal, ko da ruwan goge gilashi, ko a bokiti ko a tsumma ɗaya. Haɗin na tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji da idanu, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti. Bilic ma ba shi da aiki a kan laminet ko kaɗan. Haka magungunan nan da ake ɗigawa a ruwa ya yi fari kamar madara, suna da maiƙo, banɗaki ne wurinsu.

Tabo kuwa kowane da hanyarsa. Tawadar biro, jan farce da kwalli suna fita da ɗan sifirit ko ruwan goge jan farce a jikin auduga, a dangwala a kan tabon kaɗai, a bi da tsumma mai laima. Manja da man gyaɗa sabulun wanke-wanke ya ishe su. Cingam da kakin kyandir a ɗora musu ƙanƙara a cikin leda har su sandare, sannan a ɓamɓare da katin nan. Baƙin shatin takalmi abin goge rubutun fensir na ɗauke shi. Lalle da ruwan goro a goge su tun suna ɗanye. Soson ƙarfe, toka da hodar wanke tukunya kada su kusanci wurin.

Yanzu ne za a ga sakamako. Bayan ƙasa ta bushe sarai, a naɗe busasshen tawul mai tsabta a kan mofa, ko a durƙusa da shi a hannu, a murza da ɗan ƙarfi ana zagayawa. Ba a sa komai. Wannan busasshiyar murza ita ce ke fito da sheƙi, kamar yadda ake murza ƙwarya ko tasa. A kwatanta da guntun da aka ajiye. Idan sun yi kusa, an gama, a tsaya nan.

Idan an wanke tas amma turbar bakin ƙofa na nan, to yashi ya ci fatar, kuma gaskiya ita ce abin da ya kankaru ba ya dawowa. A nan ne wani kafinta mai kyakkyawar niyya zai ce a bari ya bi da samfefa ya shafa banish, kamar yadda yake yi wa ƙofa ko gado. A gode masa a hana shi. Katako na gaske ana kankare shi a sami sabon katako a ƙasa. Laminet in an kankare fatar hoton za a ci, a tarar da garin katako. Banish kuma ba ya kama wannan fata, wata biyu zai soma ɓarewa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ake iya yi shi ne ɓoye zanen. Ƙaramin zane ɗaya ko biyu, a sami kakin zane na 'yan makaranta mai launin katakon, a goga a cikin zanen har ya cika, a share abin da ya hau gefe da tawul. Rami mai zurfi, kamar inda wuƙa ko ƙarfen guga ya faɗi, akwai kakin cike katako mai tauri da masu sayar da kayan gini ke kawowa launi-launi. Ana narkar da shi a ɗiga a ramin, a daidaita da kati kafin ya daskare. A haɗa launi biyu, mai haske a ƙasa mai duhu a sama, ya fi ɓacewa a ido. Cike ramin ya wuce kwalliya, don ta nan ruwa ke samun ƙofa.

Akwai kuma ruwan sheƙi da ake sayarwa a kwalba, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na laminet ne. Yana shimfiɗa wata siririyar fata a sama ta cike ƙananan zane, kuma a ranar farko yana burgewa ƙwarai. Ra'ayina shi ne a bar shi ya zama dabara ta ƙarshe, ga ƙasar da ta riga ta tsufa. Watanni yake yi ya dusashe, in an yi ta maimaitawa ya taru ya zama ɓawon da muka yi maganar kankarewa ɗazu, kuma kamfanoni da yawa masu yin laminet sun hana shafa shi. Wanda ya ga ba makawa, ya fara gwadawa a bayan ƙofa ya ba shi kwana biyu. Ya shafa siriri sau ɗaya, daga ƙuryar ɗaki yana ja da baya zuwa ƙofa, kada ya koma kan inda ya soma bushewa. A wannan karon fanka a kashe take, tagogi a rufe, don duk ƙurar da ta sauka a kai ta zauna ke nan. A bi lokacin da aka rubuta a kwalbar kafin a taka, kujeru kuma su kwana a waje. Lokacin da ya fi dacewa a nan yankin shi ne kaka, ruwa ya ɗauke hunturu bai kankama ba. Kada a yi shi ana jibi Sallah ko ana gobe kamu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allon da ya kumbura ba ya saɓewa ko an shanya shi shekara, sai canji. Amma kafin a canza a nemo inda ruwan ya fito, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Wuraren da na fi gani su ne gaban firji, wanda ke narkewa ya tsiyaya duk lokacin da aka ɗauke wuta, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, da bakin ƙofar banɗaki inda ake fitowa da jiƙaƙƙen silifa da buta bayan alwala, da gindin tagar da feshin ruwan Agusta ke shigowa. Gidajen da ke gangare kusa da fadama kuwa laima daga ƙasa take tasowa ta cikin siminti, shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi kafin a jera alluna. Inda ambaliya ta taɓa shiga, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan a 2020, ni tayil zan ba da shawara, ba laminet ba.

Sa'ar da aka yi ita ce yawancin laminet na yanzu ba a manne shi da ƙasa ba, bakin kowane allo ne ke shiga na ɗan'uwansa ya kulle, dabarar da ta yaɗu tun wajen ƙarshen shekarun 1990. Don haka ana iya cire katakon gindin bango, a kwance alluna layi-layi daga bangon da ya fi kusa, ana rubuta lamba a bayan kowane da alli, har a kai ga mai ciwon. Idan babu ragowar kwali, kuma launin ya ɓace a kasuwa, a ɗauko lafiyayyu masu tsawo ɗaya daga ƙarƙashin doguwar kujera ko gado a yi musanya, waɗanda yashi ya ci su koma can inda ido ba ya kaiwa. Wannan dabara ta fi kowace kwalba. Kumburarre dai ba ya sake kulluwa, shi jefarwa ne. Sababbin alluna a bar su su kwana biyu a cikin ɗakin kafin a jera, kuma a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsu da bango ko'ina. Garin katakon cikin yana buɗewa da damina ya tsuke da hunturu. In ba shi da wurin motsi sai tsakiyar falo ta yi tozo. Wanda zai sayi sabo ya dubi kwali ya nemi lambar ƙarfin fata, daga AC1 zuwa AC5. Falon da ake shiga da fita kada ya gaza AC4, AC3 kuma ya ishi ɗakin kwana.

Abin da ya rage shi ne kada a koma gidan jiya. Al'adarmu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta riga ta yi rabin aikin, sai dai ƙafar da ta ratsa tsakar gida ita ma tana ɗauke da rairayi. A sa abin goge ƙafa biyu, mai kaushi a waje, mai laushi a ciki, a riƙa kakkaɓe su. Da hunturu a bi da busasshen tawul safe da yamma, laima kuwa sau ɗaya a mako ta wadatar, da ruwa zalla a matsattsen tsumma. A yanko tsohuwar darduma a manna a ƙafafun kujeru da tebur. Tagar da ranar Afrilu ke dukan ƙasa ta cikinta a sakar mata labule, don hoton na koɗewa. Kada a rufe laminet da ledar ɗaki wai don kariya, tana tsare laima a ƙasa. Sai kaskon turaren wuta, wanda babu gidan da ba ya zagaya ɗaki da shi: a ɗora shi a kan faranti ko guntun tayil, domin garwashi ɗaya in ya faɗo ya ƙona fatar har hoto, kuma ƙuna ba ta da magani sai canjin allo.

Falon Yaya yamma uku ya ci mana, ni da ita da babban ɗanta. Zagayen sabulu ɗaya, na khal uku, ruwan bokitin farko ya fita kamar ruwan kwata. Alluna biyar na bakin ƙofa muka musanya da na ƙarƙashin doguwar kujera, biyu na gaban firji muka jefar muka sa ragowar kwalin da maigidanta ya adana a sito. Ba mu sayi kwalbar sheƙi ba. Ƙunar garwashi guda na nan a tsakiyar falon, faɗinta kamar ƙwayar gyaɗa, mun cike ta da kaki mun gyara zaman teburin tsakiya a kanta. Firjin kuma ta sa an mai da shi kicin, inda akwai tayil.